Wurin wasan yara a Sakkwato: wanda ya gani da ido ya ba mu labari

Mai buɗe zance, daga Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da fili, ina son in kafa lilo da 'yan motocin yara kafin Babbar Sallah. Tun da na ji a Mayun 2025 Disney, kamfanin Amurka mai fina-finan katun da wuraren wasa, sun ce za a gina musu wurin wasa a tsibirin Yas na Abu Dhabi, inda zafi bai gaza namu ba, abin ya tsaya mini a rai. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wuraren nan, ko ya riƙe ƙarami, ya faɗa mini ta ina kuɗi ke shigowa, ta ina suke zurarewa.

Wata Hajiya, daga Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sadda maigida ke karatu Faransa munka kai yara Disneyland Paris, wanda anka buɗe a 1992. Kuɗin ƙofa somin taɓi ne. Abinci nasu, otal nasu, kana sauka daga wasa sai ga shago gabanka. Amma abin da ya fi tsaya mini, yarana ba lilo ya kai su ba, sun tafi ganin fuskokin da sunka saba gani a talabijin. Nan na gane dalilin da ya sa kamfanin ya zuba dala biliyan 7.4 ya sayi Pixar, masu yin fina-finan katun, a 2006. Kai mi zai sa yaro ya matsa wa babansa a dawo wurinka?

Wani injiniya, daga Arkilla:
Gaskiya ne Hajiya. Ni na Disney da ke Orlando ta Amurka na shiga, wanda ya fara aiki a 1971. Akwai wani abin hannu kamar agogo, MagicBand, da sunka fito da shi a 2013: da shi ka shiga, da shi ka buɗe ɗakin otal, da shi ka biya. Ni dai tsabtar ƙarafan ta fi burge ni, ko tsatsa ban gani ba. A 2023 sun ce za su kashe kusan dala biliyan 60 cikin shekara 10 kan wuraren wasa da jiragen ruwansu. Ware kuɗin gyara tun kafin ka sayi injin.

Wani dattijo, daga Gawon Nama:
Ɗana, shekara uku na riƙe lilo. Kwana ukun Sallah ba masaka tsinke, bayan nan sai dai ka zauna kana kallon kujeru. A Afrilu ƙarfe na ƙona hannu tun hantsi, ba uwar da za ta kawo ɗanta kafin la'asar. Hunturu kuwa ƙura ke shiga injin. Dizal ya ci ribata, amma ba shi ya sa na bari ba. Ran Sallah janareta ya mutu, yara na can sama cikin lilon mai juyawa, suna kuka suna kiran iyayensu. Da hannu munka juya shi har munka sauke su ɗaya ɗaya. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo, amma daren nan ban runtsa ba.

Mai buɗe zance:
Allah ya ƙara tsarewa Baba, jikina ya yi sanyi. Na Abu Dhabin ma kamfanin can, Miral, shi zai gina da kuɗinsa ya gudanar, Disney su ba da zane da suna su karɓi rabonsu. Ni ma abokin haɗin gwiwa zan nema, in fara da rumfa. Injiniya, sola za ta iya ɗaukar lilo ɗaya, ko dole sai janareta biyu?