Bariki ba ya tuba: neman Hausar Konversion

Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina fassara rahoto kan garin Heidelberg na Jamus, tun hantsi kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: Konversion.

A 2013 sojojin Amurka suka naɗe tabarmarsu daga garin, hedikwatarsu ta koma Wiesbaden. Suka bar fili kusan hekta 180, da ɗakunan kwana da gidajen iyali da makarantu. Filin bai faɗa hannun gari nan take ba. Sai da ya koma ga BImA, hukumar kadarorin tarayya da ke Bonn, a wajenta gari ke saya yanki-yanki, a auna ƙasa ko tsohon mai ya gurɓata ta, ko akwai harsashi a binne, sannan a shata unguwa. Daga ranar da soja na ƙarshe ya ja ƙofa zuwa ranar da ɗan haya ya shanya wanki a baranda, duk wannan tafiyar Jamusawa suka dunƙule a kalma ɗaya.

Ƙamus ya ba ni "tuba" da "sauyi". Bariki bai yi saɓo ba balle ya tuba. Sauyi kuwa riga ce 'yar shara, kowa ya saka ta yi masa: sauyin yanayi, sauyin sheƙa, sauyin kuɗi.

Kun amsa, na gode. Wanda ya fara cewa ya yi a rubuta "miƙa bariki". Yallaɓai, miƙawa rana ɗaya ce, a sa hannu a ɗauki hoto. Dubi unguwar Vauban, wani tsohon bariki a garin Freiburg na Jamus: sojojin Faransa sun fita a 1992, amma jirgin ƙasan cikin gari bai isa unguwar ba sai 2006. Yau mutum fiye da 5,000 ke zaune a can, yawancin lungunan babu wurin ajiye mota a ƙofar gida. Shekara goma sha huɗu ba ta shiga cikin "miƙa".

Wani ya kawo "raya bariki", na kusa ɗauka, sai wata Hajiya ta taka mini burki. Ta ce ɗana, karanta shi da ƙarfi a gaban tsohuwarka ka ga fuskarta. Gaskiyarta. Bariki a bakin Bahaushe ya daɗe da wuce gidan soja. Akwai ɗan bariki, akwai yawon bariki, akwai wanda aka ce bariki ta cinye shi. Mai sauraro a rediyo ya ji gwamnati ta ware kuɗi don "raya bariki", Allah kaɗai ya san abin da zai hango.

Daga Damagaram mafita ta zo. Wani malami ya tuna mana da kufai, wurin da mutane suka zauna suka tashi, ya ce ga Kufan Kanawa nan kusa da su. Ya ba da "raya kufan soja". Na yi masa musu, na ce Malam, kufai ai kango ne da ciyawa, gine-ginen Heidelberg kuwa suna tsaye da tagoginsu, har an sauke 'yan gudun hijira a Patrick Henry, tsohuwar unguwar sojojin. Ya ce kufai tashin mutane yake nufi, ko bango ya faɗi ko bai faɗi ba. "Raya" kuma kunnenmu ya saba da ita tun a zaure, inda ake karanta babin raya matacciyar ƙasa. Na sakar masa.

Saura ƙaramar ƙanwarta, Erstzugriff. Tun 2012 ana fara yi wa gari tayin filin a kan farashin da masana suka ƙiyasta, ba tare da gwanjo ba. An ce a kira shi shufa'a. Da kama, amma a mazhabarmu shufa'a haƙƙin abokin tarayya ne a dukiyar da ba a raba ba, gari kuwa ba shi da ko taku ɗaya a filin. Na rubuta "fifikon saye".

To, a jikin rahoto zan sa "raya kufan soja". A kanun labari kuwa na ari ta wani matashi da ya ce filin "ya tuɓe kaki", kamar sajan da ya yi ritaya. Tasa ma tana da wani amfani, domin tana juyuwa. A 2025 ma'aikatar tsaron Jamus ta dakatar da sakin filaye kusan 200, tana so ta faɗaɗa rundunarta. Waɗannan sai mu ce an mayar musu da kaki. Mai wadda ta fi ya kawo kafin la'asar, lokacin zan miƙa aikin.