Shin cutar da kaska ke sa wa shanu tana kama mutum?

Ɗan Kara: Assalamu alaikum. Yayana dillalin shanu ne a kasuwar Kara ta nan Sakkwato, kuma zazzaɓi ya matsa masa lamba, yana sauka yana dawowa, ga rawar sanyi da kasala. Ya sha maganin maleriya bai ji sauƙi ba, gwajin nan na tsinke da ake yi a kemis bai nuna komai ba, sannan fitsarinsa ya yi duhu. Kwanakin baya ya cire kaska a hammatarsa, shi ya sa wani ɗalibin likitanci ya ambata mana cutar babesiya. Ina neman masana su yi mana bayanin yadda ake gano ta da yadda ake maganinta.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Babesiya ƙwayar cuta ce da ke shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su, kamar yadda ƙwayar maleriya ke yi, don haka alamominsu suke kama da juna: zazzaɓi, gumi, ciwon jiki, ƙarancin jini, wani lokaci har da shawara da duhun fitsari. Alamun sukan bayyana mako 1 zuwa 4 bayan cizon kaska, kuma ana iya ɗaukarta ta hanyar ƙarin jini.

Gwajin tsinke an yi shi ne don maleriya kaɗai, ba zai taɓa nuna babesiya ba. Abin da ake bukata shi ne a shafa jini siriri a kan gilashi, a rina shi da ruwan Giemsa, a duba a madubin likita. A nan ne aikin yake, domin ƙwayar takan fito kamar ɗan zobe, irin na maleriyar falsifarum sak, kuma ma'aikacin da ya duba gilashi masu yawa tun safe zai iya rubuta maleriya ya wuce. Mai natsuwa zai lura cewa babu baƙin ɗigon nan da maleriya ke bari a cikin ƙwayar jini, zai ga wasu ƙwayoyin cutar a wajen jajayen ƙwayoyin jini, wani lokaci kuma ya ga huɗu sun haɗu sun yi siffar gicciye, wanda shi ne tabbataccen hatiminta, sai dai ba kasafai ake dace da shi ba. Idan ƙwayoyin ba su da yawa, gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayoyin halittar cutar a cikin jini, shi ne ke raba gardama.

Likita Daga Mabera: Malam Ɗan Kara, ina so ka kwantar da hankalinka kaɗan. Mafi yawan mutanen da aka tabbatar da cutar a jikinsu a arewa maso gabashin Amurka suke, inda nau'in Babesia microti yake, sai Turai da ke da Babesia divergens. A ƙasarmu maleriya, taifot da cutar burusela da ake samu daga ɗanyar madara sun fi kusa da yayanka nesa ba kusa ba, amma tunda akwai kaska a labarin, wajibi ne ku faɗa wa likita da bakinku, domin ba lallai ya tambaya ba.

Idan aka tabbatar, maganin farko shi ne atovaquone tare da azithromycin na kwana 7 zuwa 10. Akwai kuma haɗin clindamycin da kwinin, sai dai kwinin na sa ƙarar kunne da tashin zuciya. Kulorokwin ba ya kashe ta. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai yakan sha magani na mako 6 ko fiye, kuma idan ƙwayar ta mamaye fiye da kashi 10 cikin 100 na jajayen ƙwayoyin jini, ko ƙoda ta fara gazawa, akan yi musayar jini. Waɗanda na fi ji wa tsoro su ne tsofaffi, waɗanda aka cire wa saifa, da masu sikila, domin saifarsu takan daina aiki tun suna yara. Mutum na farko da aka gano da cutar, a 1957 a Yugoslaviya, manomi ne da ba shi da saifa. Duhun fitsari dai, ko mene ne sababinsa, ba abin jinya a gida ba ne. Ku kai shi asibiti yau.

Likitan Dabbobi: Ranka ya daɗe, Likita, bari in ƙara ta ɓangarenmu. Mu mun saba da ita, domin a shanu Victor Babeș na ƙasar Romaniya ya fara ganinta a 1888, kuma Babesia bigemina da Babesia bovis suna cikin garkunanmu, su ne ke sa saniya fitsarin jini. Waɗannan nau'o'in ba su ne aka sani da addabar mutane ba. Gargaɗina shi ne kada wani ya ɗauko allurar Berenil ko imidocarb da muke yi wa dabba ya gwada wa mutum. Idan kaska ta kama ku, ku sa hantsaki ku riƙe ta dab da fata, ku ja a hankali ba tare da murɗawa ba, kada ku ɗiga mata kananzir ko ku ƙona ta da ashana, sannan ku wanke wurin da sabulu.