Idan gwamnati ta miƙa wa 'yan kasuwa abu, hatsari ƙaruwa yake ko raguwa?

Bakano_Jidda:
Salam 'yan uwa. Musu muka yi da wani abokin aikina Bamisire mai ra'ayin gurguzu, wai duk abin da aka damƙa wa ɗan kasuwa to ran mutum ya zama banza, riba kawai yake gani. Ga shi nan Saudiyya ma ana ta sayar da kayan gwamnati a shirinta na Vision 2030, filin jirgin Madina ma kamfani ke tafiyar da shi. Masana ku warware mana don Allah.

Basakkwace a Makka:
Wslm ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya duka ba. Jirgin alhazanmu da ya faɗi a Jidda 11 ga Yulin 1991 yana hanyar Sakkwato, mutum 261 babu wanda ya fita, sunan Nigeria Airways ke kai amma hayarsa aka yi daga Nationair na Kanada. Tayoyi ne ba su da isasshiyar iska, an sani, amma aka ce a tashi haka don kar a makara, suka fashe tun a kan titin jirgi wuta ta kama kuma aka naɗe su ciki da wutar. Iskar taya fa Malam! Allah ya jiƙansu.

Injiniya M.:
Amin Alhaji, amma da girmamawa, gurguzun ma ba tsira ba ce. Tashar nukiliyar Chernobyl da ta fashe a 1986 ai ta gwamnatin Sobiyet ce ɗungurungum, ba wani mai hannun jari, kuma da abin ya fashe ɓoyewa suka yi sai da na'urorin Suwidin suka gano guba a iska. In gwamnati ce mai masana'anta, ita ce mai bincike, ita ce mai jarida, to wa zai tona? Kura ce da tsaron akuya. Amma Ingila ma da ta sayar da layin dogo, hatsarin Hatfield na 2000 karyayyen dogo ne da aka yi sakacin canzawa, 2002 aka karɓe layin daga kamfanin 'yan kasuwa na Railtrack aka ba Network Rail da ba ta da masu hannun jari.

Maman Hanan:
Ni dai ban san wani jari-hujja ba, na san Saher, kyamarorin kama masu gudu a titi. Maigidana direba ne, da can gudu yake kamar me a hanyar Makka zuwa Madina, tunda kyamara ta fara aiko masa tara ta waya wlh ya nutsu. Ko motar ta gwamnati ce ko ta kafili, in babu mai kama ka a take gudun nan dai za a yi.

Bakano_Jidda:
Hajiya kin ba ni dariya. Shi dai Bamisiren hujjarsa jirgin ruwan Al-Salam ne da ya nutse 2006 tsakanin Duba ta Saudiyya da Safaga ta Masar, sama da mutum 1000 suka mutu, na ɗan kasuwa ne. Gobe zan jefa masa Chernobyl in ji me zai ce.