Shiga rukunin binciken sinadarai ta kwamfuta tun ana digiri na farko

Ɗalibai da malaman da suka tattauna batun yadda ɗalibin digiri na farko zai shiga rukunin binciken sinadarai ta kwamfuta bakinsu ya zo ɗaya: kada ka jira sai ka ƙware kafin ka tunkari farfesa. Karanta takardun da rukuninsa ya wallafa, ko rabi ka gane, sannan ka tura gajeren imel ka faɗi abin da ya ja hankalinka da lokacin da za ka iya bayarwa a mako.

An fi daɗewa kan kayan aiki. Yawancin lissafin a manyan kwamfutoci masu tsarin aiki na Linux ake yinsa, don haka ka saba da buga umarni, ka koyi Python, harshen rubuta manhaja. Cikin manhajojin lissafin sinadarai, ORCA kyauta ce ga masu binciken jami'a, Gaussian kuwa sai da lasisi. Shawarar da na fi so ita ce a fara da ƙwayar ruwa: ka sa manhaja ta daidaita siffarta, ka duba ko kusurwar da haidurojin biyu suka yi a jikin oksijin ta kusanci digiri 104.5, domin manhaja za ta ba ka lamba ko da saitinka ya karkace.

Kan darasin kwantam, wato kimiyyar yadda ƙwayoyin zarra ke aiki, ne aka rabu. Wasu sun ce a gama shi tukuna, wasu sun ce a koya ana cikin aiki.