Magina uku sun ba ni ƙiyasi uku a kan aikin intalok ɗaya, ta yaya zan tantance?

Malamar Firamare ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin gini, ko waɗanda suka taɓa ba da irin wannan aiki a gidajensu.

Akwai fili a bayan ɗakunanmu, tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 5, murabba'in mita 60 ke nan. Ƙasar wurin laka ce. In aka yi ruwa sai ya kwanta a jikin bangon ɗakin mahaifiyata, har fentin ƙasan bangon ya fara ɓarewa ta ciki, ita kuma ƙafarta ba ta da ƙarfin taka taɓo. A nan nake shanya, a nan yara ke wasa. Mota ba ta shiga, ƙofar ma ba za ta ɗauke ta ba, sai dai babur ɗin maigidan. Abin da nake so shi ne a shimfiɗa intalok, wato duwatsun siminti da ake jerawa a ƙasa suna kama juna, a yi dakali mai tsawon mita 4 a jikin katanga, a fitar da ruwan zuwa kwatar waje.

Na daɗe ina tara kuɗin nan daga albashina, kuma ba na so in zuba su a aikin da za a sake. Shi ya sa na kira magina uku, kowa ya zo ya duba ya ba ni nasa lissafin.

Na farko layi ɗaya ya rubuto mini a waya: intalok da dakali, kaya da aiki, kaza. Shi ne mafi araha. Na biyu ya ɗara shi da kusan rabi. Ya raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, ya sa tsakuwa da yashi da siminti, amma bai faɗi kaurin komai ba. Na uku ya kusa ninka na farko. Takardarsa shafi biyu ce, ya rubuta intalok mai kaurin milimita 80, tsakuwa santimita 20, sannan yana son kashi 70 cikin 100 kafin ya fara.

Abin da ke hannuna ya ɗan haura na mutum na biyu kaɗan. Maigidan ya ce a ba na farko, ai dutse dutse ne. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba, don ban ga yadda aiki ɗaya zai yi irin wannan tazara ba sai in akwai abin da wani ya bari. Me zan tambaye su? Kuma nawa ya kamata in ajiye gefe saboda abin da ka iya tasowa?

Tsohon Birkila ya amsa:

Wa'alaikumussalam. Malama, zuciyarki ta faɗa miki gaskiya. Ba aiki ɗaya suka yi miki wa kuɗi ba, ayyuka uku ne daban, kowa ya zana nasa a kansa. Dutsen da za ki gani a sama shi ne abin da suka fi kusa da juna a kai. Bambancin yana ƙarƙashin ƙasa, inda ba za ki ƙara gani ba da zarar an rufe.

Ga yadda aikin yake in za a yi shi daidai. A haƙe ƙasar sama. A danne ƙasan da injin dannewa. A zuba fasasshen dutse mai haɗe da garinsa, santimita 10 zuwa 15 in wurin tafiyar ƙafa ne. Ke da kike kan laka, 15 za ki nema. Ba a zuba shi gaba ɗaya, sai hawa biyu, kowane hawa a yayyafa ruwa a bi da inji. Tsakuwar rafi mai sulɓi ba ta yi, don ba ta kama juna. Sannan yashi mai kaushi kamar santimita 3, a baje shi daidai, a jera intalok, a share yashi mai laushi cikin tsagoginsa, a sake bi da inji. A kan laka kuma akwai wani yadi da ake shimfiɗawa kafin tsakuwa, ruwa na wucewa ta cikinsa amma laka ba ta hawowa ta cakuɗe da dutsen. Ba shi da tsada idan aka kwatanta da sauran kayan, kuma yana da amfani a irin ƙasarki.

Yanzu ɗauki biro. Intalok santimita 6, yashi 3, tsakuwa 15, jimla santimita 24, wato mita 0.24. Ki ninka da 60, za ki samu ƙasa kusan kubik mita 14 da rabi da za a haƙe. Ƙasa kuwa in an tono ta kumbura take yi, sai ta kai kamar 18. Tunda mota ba ta shiga, duk wannan da baro za a fitar da shi ta ƙofa, a kuma shigo da tsakuwa kubik mita 9 bayan dannewa, wato sai an sayo kamar 11. Wannan dakon kaɗai kuɗi ne masu kauri. Ki tambayi na farko ko ya sa haƙa da kwashe ƙasa a lissafinsa. Ina kyautata zaton zai ce miki zai baje yashi ne a kan ƙasar yadda take. In aka yi haka, farkon shekara zai yi kyau, daga baya laka ta sha ruwa ta yi laushi, duwatsun su fara lotsawa nan da can, ruwa ya dawo yana kwanciya a ramukan. Ƙari a kan haka, filin zai ɗago sama ya matso bakin ƙofofinki, danshin bangon nan ya ƙaru.

Maganar ruwa ita ce ainihin matsalarki, ba ado ba. Dole filin ya gangara daga jikin ɗakuna, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. A faɗin mita 5, sai ki ga bakin katanga ya yi ƙasa da bakin ɗaki da santimita 10 in an bi santimita 2 a kowace mita. Ruwan sama na milimita 20 a filinki lita 1,200 ne, ban da wanda indararo ke zubowa daga rufi. Ina zai bi? Maginin da bai ɗaura igiya ya auna tsakanin filinki da kwatar waje ba, bai san ko ruwan zai fita ba.

Sai gefe. Duk inda intalok bai jingina da bango ba, sai an yi masa abin tokarewa na kankare, in ba haka ba duwatsun bakin za su riƙa zamewa, tsagogi su buɗe.

Na ukun kuma ya wuce gona da iri. Milimita 80 da tsakuwa santimita 20 na inda mota ke takawa ne. Ƙafa da babur, milimita 60 ya wadatar.

Mai Lissafi ta amsa:

'Yar'uwa, Baba ya gama miki maganar fasaha, ni ta takarda zan yi. Kada ki ƙara karɓar lissafin kowa a kan tsarinsa. Ke za ki rubuta takarda ɗaya, ki jera abubuwan da Baba ya faɗa da kaurinsu da yawansu, ki bar gurbin kuɗi a gaban kowanne, ki ba su ukun su cike. Haƙa daban, kwashe ƙasa daban, tsakuwa, yashi, intalok, kankaren gefe, magudanar ruwa, dakali, hayar inji, share wuri bayan an gama. A ƙasa ki sa layi: me ba ya cikin wannan kuɗin? Wannan layin ya fi kowanne tono gaskiya.

Intalok ɗin ma ki ƙirga da kanki. In mai santimita 20 da 10 ne, guda 50 ke cika murabba'in mita ɗaya, naki 3,000 ke nan. A ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, musamman in a karkace za a jera. Ragowar ki adana, ranar da aka ɗaga wani wuri don gyaran bututu za ki neme su, kuma da wuya ki sake samun launi iri ɗaya.

Na ko-ta-kwana, ki cire kashi 15 cikin 100 na abin da ke hannunki tun yanzu, ki ɗauka ba ki da su. Aikin da ake haƙa ƙasa ba ya rasa abin mamaki: tsohon bututu, tushen gini da aka binne, wurin da ƙasa ta yi ruɓushi sai an ƙara zurfi. Abin da ya rage bayan kin cire, shi ne kuɗin aikinki na gaskiya. Kuma kada ki faɗa wa magini adadin da kika ware.

Kashi 70 kafin a fara ya yi yawa. Kafin alƙalami ya zama daidai da kayan da za a fara saukewa a ƙofarki, ba fiye ba. Sauran a biya mataki-mataki: bayan haƙa, bayan an danne tsakuwa kin auna kaurinta da idonki, bayan jeri. Ki riƙe kashi 5 zuwa 10 har sai an gwada gangarar da ruwa a gabanki. Duk wani canji da ya taso a tsakiyar aiki, a rubuta kuɗinsa kafin a yi shi.

Baban Yara ya amsa:

Ni dai ban ga dalilin nacewa a kan intalok ba. Na yi shi a nawa gidan, wanda ya yi mini bai danne komai ba, yanzu ciyawa da tururuwa sun mamaye tsagogin, gefe ɗaya ya nutse. Da daɓen kankare na yi da na huta. Malama, ki sa su ba ki farashin kankare ma, santimita 10, ki gani. Sau da yawa ya fi sauƙi a aljihu, shara ma ta fi daɗi a kansa.

Tsohon Birkila ya sake amsawa:

Malam, abin da ya same ka laifin ƙasan ne, ba na dutsen ba, kuma kankaren da aka zuba a kan laka ba tare da tsakuwa ba tsagewa zai yi. Amma shawararka ta neman farashinsa tana kan hanya. In za a yi, a yanka masa layuka kamar kowace mita 3 don ya tsage a inda aka tsara, a riƙa ba shi ruwa kwana 7, ƙarfinsa na cika kuwa sai kwana 28. Abin da zai raba gardama shi ne ko akwai bututu a ƙarƙashin filin. In akwai, intalok ya fi, don ana ɗaga shi a gyara a mayar. Kankare sai an fasa.

Malamar Firamare ta dawo:

Allah Ya saka muku da alheri, Baba da Yaya da Malam. Na rubuta takardar kamar yadda aka ce, na ba su.

Na farko bai ɓoye ba, ya ce babu haƙa a nasa, babu tsakuwa, babu inji, yashi ne kawai zai baje. Da ya cike guraben duka, sai ga shi ya zo daf da na biyu. A nan ne maigidan ya yarda cewa ba ragi aka yi mana ba tun farko. Na biyu ashe tsakuwar santimita 8 ya yi wa lissafi, kuma kwashe ƙasa a kaina ya bar shi, bai faɗa ba sai da layin nan na ƙarshe ya tilasta masa. Na uku da aka mayar da shi milimita 60 da santimita 15, kuɗinsa ya sauko sosai. Har yanzu shi ne a sama, amma tazarar da ke tsakaninsu ukun yanzu ba ta kai kashi 15 cikin 100 ba.

Hankalina ya karkata ga na ukun, kuma ba don takardarsa ta fi tsawo ba. Shi kaɗai ne ya dawo da igiya da tiyon ruwa ya auna, ya nuna mini cewa kwatar waje ta fi kusurwar filin tudu kaɗan, don haka sai an bi da magudanar ta ɗaya gefen. Ya kuma kai ni wani gida da ya yi wa aiki shekarun baya, na taka da ƙafata, ban ji dutse ɗaya yana motsi ba. Ya yarda a biya shi sau huɗu maimakon kashi 70 cikin 100 a farko. Bututun ruwan wanka ya ratsa ta ƙarƙashin filin, saboda haka na bar maganar kankare, Malam, amma na gode da ka sa na tambaya.

Matsalar da ta rage: in na cire na ko-ta-kwana, kuɗin ba za su kai ga komai da komai ba. Ko dai in bar dakalin zuwa gaba, ko in rage tsakuwar zuwa santimita 10 in yi duka lokaci ɗaya. Mahaifiyata dakalin nan take ɗoki, shi ya sa nake jinjina abin. Baba, wanne ya fi?

Tsohon Birkila ya amsa:

Ki bar dakalin, 'yata, kada ki taɓa tsakuwar. Dakali ana gina shi kowane lokaci, tsakuwa kuwa ba a ƙara ta sai an ɗaga filin duka. Abin da za ki yi, ki sa shi ya zuba tushen dakalin yanzu tunda an riga an haƙe wurin, ya ɗora bulo layi ɗaya, intalok ɗin ya zo ya jingina da shi. Wannan zai zama abin tokarewa na mita 4 a wannan gefen, kuɗinsa kaɗan ne, kuma ranar da kika samu hali hawa biyu kawai za a ƙara a shafe. In kina da niyyar sa fitila ko famfo a can, a binne bututun da babu komai a ciki tun yanzu, a toshe bakinsa. Hajiya kuma a sa mata benci a wurin kafin nan. In na ko-ta-kwanan ya yi saura bayan an gwada ruwa, da shi za ki ƙarasa dakalin kafin maginin ya kwashe kayansa.