Bashin mamaci: masu bi za su iya taɓa kuɗin inshorar rai?

Ummu_Sadiq: Assalamu alaikum. Idan uba ya rasu da bashi a kansa, kuma ya bar inshorar rai da sunan 'ya'yansa, masu bin bashin suna da ikon karɓar wannan kuɗi? Kuma idan dukiyar da ya bari ba ta kai ta biya ba, 'ya'yan ne za su cika?

Malam_Garba: Wa alaikumus salam Hajiya. Amsar tana cikin takardar inshorar, a gurbin da aka rubuta wanda za a biya. A yawancin ƙasashe, idan an ambaci mutum da sunansa kuma yana raye, kamfanin inshorar zai miƙa masa kuɗin kai tsaye, ba sa shiga cikin dukiyar gado. Masu bin bashi kuwa dukiyar gadon suke bi: a fitar da hidimar jana'iza da ta kula da gadon, a biya basussuka, abin da ya rage ya je ga magada. Idan ba ta isa ba, a ƙasashe da yawa asarar ta mai bin bashi ce, 'ya'ya ba sa gadon bashi.

Inda ake samun matsala shi ne a bar gurbin nan ba suna, ko wanda aka rubuta ya riga mamacin rasuwa ba a sa madadinsa ba. Nan kuɗin kan faɗa cikin gado, kowane mai bin bashi ya samu hanya. A Ingila ma sai an yi hattara, domin inshorar da ba a rubuta ta a matsayin amana ba, wato ba a damƙa ta ga amintaccen da zai riƙe kuɗin don waɗanda aka ambata ba, galibi cikin gado take komawa.

Lauya_Binta: Malam ya yi bayani. Zan ƙara da abin da ke rage kuɗin tun kafin su fito. Idan mamacin ya jinginar da inshorar ga banki, bankin ake fara biya. Idan kuma ya ci rance daga kamfanin inshorar kansa, za su cire. Misali, inshorar miliyan 10, rancen miliyan 2, ruwan da ya taru 300,000: miliyan 7.7 ne zai iso.

Sannan ɗan da ya sa hannu a kan bashin tare da mahaifinsa, ko ya tsaya masa, bashin nasa ne tun asali. Gida ko motar da aka jinginar su ma bashin yana manne da su, in ba a ci gaba da biya ba za a iya sayar da su.

Shawarata, Hajiya, a rubuta wa kamfanin wasiƙa tare da takardar shaidar mutuwa da lambar inshorar, a tambaye su sunan wa ke kai, kuma akwai jingina ko rance. Duk wanda ya zo da'awar bashi ya kawo shaida a rubuce, a tura shi wurin mai kula da gadon. Kada kowa ya sa hannu a takardar alkawarin biya kafin lauya ya karanta ta, don da sa hannu ɗaya bashin uba kan koma na ɗa. Wannan shi ya fi damuna, saboda a kwanakin makoki aka fi matsa wa mutane.

Abu_Hanifa77: Kada kuma a zuba kuɗin a asusun mamacin ko na gado. Da zarar sun cakuɗe, bambance su a gaban kotu aiki ne. Kuma a sani, idan wanda ya karɓa shi ma ana bin sa bashi, nasa masu bin suna iya bin kuɗin bayan sun shiga asusunsa.

Ummu_Sadiq: Na gode ƙwarai. To idan cikin waɗanda aka rubuta akwai ƙaramin yaro fa?

Lauya_Binta: Kamfani ba ya damƙa wa wanda bai kai shekarun girma a doka ba, wato 18 a ƙasashe da yawa. Kasonsa zai jira amintaccen da takardar ta ambata, ko waliyyin da kotu ta naɗa, kuma jinkirin bai mayar da shi kuɗin biyan bashin uban ba.