Sufa bai gyara ɗumi ba, ga watan tukwici ya kama: in ba shi ko in sayi hita?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Wannan ne hunturunmu na farko a Bronx, cikin birnin New York, hawa na huɗu muke, ni da maigida da yara biyu. Rediyetar da ke ɗumama ɗakin yara sai ƙara take yi, babu zafi ko kaɗan. Na yi wa sufan gidan, wato mai kula da ginin, magana, kullum sai ya ce gobe. Jiya maƙwabciyata ta ce in ba a sa masa wani abu a ambulan cikin Disamba ba, haka za mu cinye sanyin nan. Dala 100 kawai zan iya fitarwa a watan nan. In ba shi ne, ko in sayi hita in huta? In ba shi zan yi, nawa ake bayarwa? Hitar ma tsoronta nake, ƙaramin rarrafe yake yi.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Mai tsaron ƙofa 50, sufa 50, mai kawo wasiƙa 20. Haka muke yi.

Sarkin Zolaya: Wane mai tsaron ƙofa kuma? Baiwar Allah ta ce maka hawa na huɗu a Bronx, kai kana lissafin Manhattan. Mu mai tsaron ƙofarmu kyanwar shagon ƙasa ce.

Baban Yasir: Dala 20 ta isa, ki haɗa da kwalin biskit. In kika fara da 100, baɗi ma ita zai sa ran gani.

Anti Balki: 20? Ai gara ka bar kuɗinka a aljihu. A gininmu ba wanda ke ba da ƙasa da 75, masu hali har 200. Kuma sufa ya san wanda ya ba shi da wanda bai ba shi ba, ranar da famfo ya toshe za ka gane.

Hajiya 'Yar Kumasi: 'Yata, bari in ba ki nawa labarin, sai ki yi abin da kika ga dama. Shekara da shekaru duk Disamba sai na sa wa namu 100 a ambulan. Da babbar sallah har nama nake soya masa. A shekarar da abin ya faru, tukunyar ɗumin ginin ta dinga mutuwa, kowa ya sayi hita. Mutumin da ke ƙasa da mu ya jona tasa a doguwar wayar nan mai baki da yawa, ya bi da wayar ta ƙarƙashin kafet. Gab da asuba wuta ta tashi. Ya fita da gudu, ƙofarsa ta tsaya a buɗe, don ƙarfen da ke mayar da ita ya daɗe da lalacewa, kuma an sha gaya wa sufan. Hayaƙi ya cika matakala, baƙi ƙirin, ko tafin hannunka ba ka gani. Ta matakalar ƙarfe ta bayan taga muka sauka, ni da zani ɗaya, ba takalmi, a kan ƙanƙara. Akwatunan lefen 'yata da ke ƙarƙashin gado, atamfofi da leshi, abin da wuta ba ta ci ba ruwan 'yan kwana-kwana ya gama da shi. Fasfo, takardun haihuwar yara, duk sai da muka sake nema. Kun san abin da sufan ya ce da ya gan ni a bakin titi? Wai ba aikinsa ba ne, na mai gida ne. Naman da ya ci bai ce na mai gida ba ne.

Anti Balki: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Lefen an sake haɗawa?

Hajiya 'Yar Kumasi: An ɗaga bikin. Dangin mijin har yau suna ganin kamar ƙarya muka yi.

Malam Nas: Allah ya kiyaye gaba. Abin da Hajiya ta faɗa shi ne ya faru a benen Twin Parks da ke Bronx ranar 9 ga Janairun 2022: hita ce ta kama a ɗaki ɗaya, ƙofa ba ta rufe kanta ba, hayaƙi ya bi bene. Mutum 17 suka rasu, 8 yara ne, yawancinsu 'yan'uwanmu 'yan Gambiya. Maman Ilham, ɗumi haƙƙinki ne, yana cikin kuɗin haya. A dokar birnin New York, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, in sanyin waje ya yi ƙasa da digiri 55 na Faranhait da rana, dole cikin gida ya kai 68. Daga 10 na dare zuwa 6 na safe kuma dole ya kai 62. Ki kira 311, lambar kai koke ta hukumar birnin, ki kai ƙara. In dole sai hitar, kai tsaye a soket ɗin bango, taku uku tsakaninta da labule da katifa, a kashe kafin barci. Ki kuma saki ƙofarki ki gani ko tana rufe kanta.

Baban Yasir: Ta kira 311 a shekararta ta farko? So kake su sa mata ido? Malam, a littafi ka karanta, mu a jikinmu muka gani.

Malam Nas: Ai ba dole ba ne ta ba da sunanta.

Kawu Fagge: Mu nan Kano kasko ne da gawayi, a sa a tsakar ɗaki, shi ke nan.

Anti Balki: Kawu don Allah! Gawayi a ɗakin da tagoginsa ke rufe ruf? Iskarsa ba ta da wari, barci kawai mutum zai yi ya wuce. Haka masu kunna oba su buɗe murfinta wai don ɗumi. Wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba ya bari mu yi magana.

Kawu Fagge: To 'yan Amurka, na yi shiru. Amma gobarar hunturu mun riga ku saninta.

Sarkin Zolaya: Ni tambayata ɗaya: su wa suka ɗaure wa alam ɗin hayaƙi leda saboda turaren wuta? Kowa ya ɗaga hannu. Na shiga gidan wata amarya na ga an sa masa safa, kamar shi ma sanyi yake ji.

Malam Nas: Dariya ce, amma a cire. In yana wannan ƙaramin kukan lokaci-lokaci, batir yake nema.

Ɗan Damagaram: Shekarata 22 a ƙasar nan, ina gaya muku ambulan ya fi 311 sauri.

Hajiya 'Yar Kumasi: Ni da na ba da ambulan ɗin fa?

Ummu Sumayya: Ni abin da ban gane ba, kyauta ce ko cin hanci? Mutum bai yi aikinsa ba, a biya shi don ya yi? Sannan kyautar Kirsimeti ce fa, ya halatta mu bayar?

Baban Yasir: Ki ce masa ta ƙarshen shekara ce. Maƙwabci ne, ihsani ne. Kuma Ɗan Damagaram, gyara: ma'aikacin gidan waya doka ta hana shi karɓar tsabar kuɗi, sai dai kyautar da ba ta wuce dala 20 ba.

Ɗan Damagaram: Nawa bai taɓa mayar min ba.

Mai Keke: Kuna ta maganar sufa mai albashi. Mu da muke kai abinci a keke cikin ƙanƙara fa? Ka hau bene hawa biyar, yatsu sun sandare, mutum ya karɓa ya rufe ƙofa. Kuma wallahi namu sun fi kowa. Da sun ji ka yi Hausa sai su ce "Allah ya yi albarka, ɗan'uwa", shi ke nan tukwicin.

Anti Balki: Ku kuma ku daina cajin batirin kekunanku a bakin ƙofa cikin dare. Ya kama wuta, ta ina mutane za su fita?

Mai Keke: A ina zan yi cajin, Anti? Ki ba ni gareji.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na saki ƙofar tamu, rabi take zuwa ta tsaya. Amma har yanzu ban ji ba, 100 ɗin nan ina zan kai ta?

Sarkin Zolaya: Ki ba Mai Keke.

Baban Yasir: Ni abin da ya ishe ni ma allon nan da ake juyo maka a shago. Shayi na saya, da hannuna na zuba, wai in zaɓi tukwicin kashi 18 ko 20 ko 25 cikin ɗari, yarinyar tana tsaye tana kallona. Wa ya kawo wannan tsarin?